Sawun Muntari a Fangalin Albasa

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana da jikokina na kusa da na nesa. To, na ji ku, kun ce ta zo ku ji ta. Ku gyara zama. Amma wanda ya san bai iya riƙe dariya a inda wani ke jin kunya ba, ya ɗan matsa baya.

A Aliero aka yi ta, zamanin da Nasara bai daɗe da kafa mulkinsa ba, mota ma sai ranar kasuwar Jega ake jin kukanta. Akwai wata budurwa, Ramatu, ɗiyar Maiwada mai ɗori. Kun san Aliero da abu biyu aka san ta, albasa da ɗorin karaya, to gidansu Ramatu sun haɗa duka biyun. Zauren ubanta kullum cike yake da mutane kwance a kan tabarmi, wannan hannu a ɗaure da karare, wancan ƙafa a miƙe, warin man shanu da hayaƙi sun kama bango. Uwarta ta rasu tun tana goye. Kakarta ta wajen uba, Gudiya, ita ta raine ta a ɗakinta mai gadon kara da jeren ƙorai har rufi.

Wanda take so kuwa ɗan gwaggonta ne, Muntari, ɗan Adama ƙanwar Maiwada da ke aure a Jega. Tun suna ƙanana suke wasan taubasai, ya ce mata mai warin albasa, ta ce masa bawan Nasara, har wasan ya juya ya zama abin da kuka sani. An kai goro, magana ta tsaya a kan in an cire albasa a ɗaura.

Shi Muntari yana cikin yaran da aka kama aka kai makarantar boko suna ihu. Ya zauna, kansa ya ɗauka, ya wuce babbar makaranta har ya kusa gamawa. Sai malamansa suka ce za a tura ɗalibi guda daga wannan yanki ya ƙaro karatu a ƙasar Sudan, birnin Hartum, ya dawo ya koyar. Sunan Muntari ya zo farko, na wani Kalilu ɗan Maiyama na biye da shi. Sharaɗi ɗaya aka kafa: kafin watan azumi ya tsaya likitan Nasara zai duba shi a Birnin Kebbi, don hanyar doguwa ce, wani wuri a mota, wani a jirgin ƙasa, wani a ƙafa. In an same shi da nakasa, ya ba na bayansa wuri.

Gwaggo Adama da kanta ta kawo labarin, ta sha zanen saƙi da sabuwar fatala, tun daga ƙofar gida take guɗa.

"Yaya, aure shi dakata," in ji ta. "In ya komo da karatu nai sai a yi. Ramatu ba gudu za ta yi ba."

Maiwada ya ce Allah ya sa albarka. Ramatu na bakin murhu, ita ma ta ce amin, amma a baki kawai. Matan bakin rijiya kuwa ba su bar ta ta huta ba. Wannan ta ce ƙanen mijinta ya tafi gabas tun tana amarya, ga ta da jika bai dawo ba. Waccan ta ce matan can dogon hanci gare su da gashi har gadon baya, namiji in ya gan su sunan garinsu ma mantawa yake.

Da Muntari ya zo zance, sanye da farar taguwa da jar dara, ya ishe ta ta haɗe rai.

"Ke mai warin albasa, ba ki yi mini barka?"

"Barka da mi? Da za ka tahi ka auro mai dogon hanci?"

"Awo, biyu ma. Guda ta riƙa yi mini fifita, guda ta karanta mini littahi."

"Allah shi kai ka lahiya. In ka kai ka gaishe su, ka hwaɗa musu mijin nasu har ya yi gemu yana gudun kwaɗo."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ita ma ta yi, don kada ya gane. Shi da wasa ya faɗi tasa, ita kuwa ta ɗauke ta ta shiga ɗaki da ita.

Tsohuwa ba a ɓoye mata. Wata hantsi Gudiya na kaɗi, mazari na juyawa a kan tasa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ke, jiya sau biyu kinka sa gishiri a miya. Mi ad damuwarki?"

Hawayen Ramatu suka amsa mata.

"Wanga shi na abin kuka? Kakanki sau nawa yat tahi Gwanja fataucin goro? Ko sau guda bai ɓace mini ba. Ƙasar sawu nai nike ɗiba, ta ƙahwar dama, in ƙulle a tsumma in soke a rufin ɗaki bisa gado. Ko bayan teku mutum yat tahi, ƙasar nan sai ta jawo shi gida." Ta tsinke zare da haƙori. "Amma ki ji da kyau. Ƙahwa tsirara, ba takalmi. Kuma kada ido shi gan ki. Wanda yag gan ki kina ɗibar sawu ba shi cewa so ne, cewa za shi yi sammu ne."

To, nan fa ake yin ta. Kakan Ramatu a zamaninsa da ƙafarsa yake taka ƙasar Allah. Muntari kuwa tun da makaranta ta ba shi wani baƙin takalmi mai igiya, da safa a ciki, ƙasa ba ta sake ganin tafin ƙafarsa ba. In zai zauna, sai ya kai bakin tabarma ya kwance. In zai yi alwala, a kan dutse. Ramatu ta share ƙofar ɗakin kaka, ta yayyafa ruwa, ta watsa rairayi mai laushi, ya zo ya taka da takalmi ya bar mata zanen ƙusoshi. Ta ɓoye takalmin yana salla, ya zauna a kan buzu ya ce ba ya motsawa sai ɓarauniya ta tuba. Haka ta fito da shi tana ƙunƙuni.

Sai dabara ta zo mata, wadda har ta tsufa in ta tuna sai ta rufe fuska.

Wata la'asar ta san ubanta na fama da wani bafillace da saniya ta take, masu ban-ruwa kuma sun koma can ƙarshen fadama. Ta ɗaura zanenta mai ratsin shuɗi, ta sa tsakiya a wuya, ta zizara kwalli, ta ɗauki kwando kamar mai zuwa tsinko lawashi. Ta tare Muntari a hanya yana shigowa gari bisa dokin ubansa, ta ce ya raka ta lambu. Budurwa da saurayi su biyu a fadama, ba abin da ake yi ba ne, ko da an kai goro. Ya duba gabas ya duba yamma, ya biyo ta. Ya ɗaure dokin a gindin tsamiya.

Fangulan albasa sun sha ruwa, ƙasa ta yi laɓu-laɓu, ganye kore shar.

"Ka ga jigon can?" in ji ta, tana nuna abin ɗibar ruwa a tsallaken fangulan. "Na rantse ba ka iya jan guga guda. Boko ya cinye maka ƙarhi."

"Ni? Tun ba ki iya ɗaura zane ba nike jan jigo."

"Da wanga takalmi? Ka tattake wa Baba albasa shi ɗaure ka da karare?"

Ya zauna a kan kunyar fangali, ya kwance igiya, ya zare safa, ya naɗe wando. Ya sa ƙafa a laka, ya taka, ya taka. Sawu ya fito raɗau, yatsu biyar da dunduniya.

Yanzu ku saurara, don nan ne laifin yake. A bakin hanyar da ya bi akwai tsohuwar rijiyar lambu da ta rufta, ta bar rami mai ƙaramin baki, busasshen ganye ya rufe shi. Ramatu ta san da ramin. Duk ɗan gidansu ya san da shi. Da ta buɗe baki ta ce bi dama, da babu wannan labari. Amma idonta na kan sawu. Ta durƙusa, ta kwance bakin zanenta, ta cika hannu da laka.

Shi kuwa ya waiwayo don ya yi mata gwalo, yana tafiya da baya. Ya gan ta durƙushe. Ya ce, "Ke, mi kike..."

Bai ƙarasa ba. Ƙafar hagu ta zurma ramin har ƙwauri, ta maƙale, jikinsa ya juya gaba ɗaya ya faɗi. Ta ji ƙarar, ƙas, kamar an karya ɗanyen rake.

Ba ta san lokacin da ta isa kansa ba. Gumi ya karyo masa, amma abin da ya fara cewa shi ne, "Wa yag gan mu?"

"Ba kowa. Wayyo Muntari, na kashe ka."

"Yi shiru. Ja ni gindin tsamiya. Wanke mini lakar ga. Doki yah harbe ni, kin ji? Ina kwance shi yah harbe ni. Ke ba ki zo nan ba."

Ta ja shi yana cije hannun riga. Ta ɗebo ruwa ta wanke masa ƙafafu tas, ta sa masa safa da takalmi a mai lafiyar, ta ajiye ɗayan a gefe. Ta kwashi kwandonta ta bi ta bayan gari. Sai da ta yi nisa ta ji ya fara kiran masu ban-ruwa. Lakar kuwa tana ƙulle a bakin zanenta, tana bugun cinyarta duk taku.

Kafin a kawo shi zaure a kan ƙyauren kara, ƙafa ta kumbura ta yi kamar turmi. Maiwada yana da ƙa'ida da ya gada: ba ya taɓa karaya sai ya ji yadda aka faɗi. In kumburi ya rufe ƙashi, yatsa ba ya jin komai, bakin mai ciwo ne idon mai ɗori. Ƙashin da aka buga daban ake jan sa, wanda ya murɗe daban.

"Ɗana, ƙaƙa anka yi?"

"Doki, Kawu. Harbi guda, nan ga ƙwauri."

"Kana tsaye?"

"Ina tsaye."

Maiwada ya yi tofi, ya shafa man shanu, ya ja ƙafar a miƙe yadda ake yi wa bugu, ya jera karare ya ɗaure. Ramatu na bayan asabari tana ji. Ta so ƙasa ta buɗe ta shige.

Washegari Gwaggo Adama ta iso, ba guɗa wannan karon. Ta faɗi a kan ɗanta tana kururuwa. Dokin da ko yaro ke ja, ta ce, shi zai harbi Muntari, ana saura kaɗan tafiya? Wannan aikin hannu ne. Kuma ta san hannun. Mutanen Maiyama ne, masu son ɗansu ya haye.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ramatu ce mai kai kunu da safe, mai kwashe kwanuka da rana. Kumburi ya fara saɓewa, amma yatsun ƙafar, maimakon su dubi rufin zaure, sai suka riƙa kallon bango. Ta lura ubanta ya rage cin tuwo. Wata rana bayan azahar ta ji shi a tsakar gida yana gaya wa uwarsa.

"Inna, ƙahwar yaron ga ba ta yi mini ba. Harbin doki ba shi karkata yatsu haka. Kamar wadda tam murɗe."

"To ka kwance ka sake mana."

"Ƙashi ya hwara kamawa. In zan sake sai na ɓalle shi da hannuna. Ba ni yi wa ɗan mutum wagga azaba bisa zato. In harbin ne na gaske, na lalata abin da ad daidai. Na tambaye shi har ya gaji, magana tai guda."

"In an bar ta hwa?"

"Za shi yi tahiya. Amma da ɗingishi, har abada. Kuma in wata guda ya cika, ko na so gyarawa ba ta gyaruwa."

Gudiya ta juyo ta dubi jikarta da ke tankaɗe. Ramatu ta sunkuyar da kai cikin rariya.

Zan gaya muku abin da ya ratsa zuciyar yarinyar nan a lokacin, kada ku yi saurin tsine mata. Wata murya ce ta ce mata: da ɗingishi likita ba zai ɗauke shi ba. In bai tafi ba, an cire albasa, an ɗaura aure. Ke ba abin da za ki yi, shiru kawai. Kuma, Allah ya yafe mata, sai da ta ji sanyi a ranta. Sanyin bai daɗe ba, kunyar da ta biyo shi ta fi ta ranar fadama zafi. Ta dubi hannayenta da suka sha lalle ta ji ƙyamarsu.

Da ta kai masa fura, sauran majinyata na gyangyaɗi, ta durƙusa ta yi ƙasa da murya.

"Baba ya ce in ba a sake ɗorin ba za ka gurgunce."

"Na ji shi."

"Ka hwaɗa mishi gaskiya."

"In ce mi? In ce ɗiyarka ta kai ni fadama mu biyu? Gobe 'yan mata su sa ki waƙa a dandali? Inna ta ji? Gara in yi ɗingishi." Ya kurɓi fura. "Ni dai hwaɗa mini, mi kike kwasa a laka rannan?"

Ta rufe fuska da mayafi. Ta cikin mayafin ta faɗa masa, sawu da tsumma da rufin ɗaki, duka. Sai dariya ta kama shi, yana yi yana riƙe ƙafa yana wash.

"Ashe duk ɓoyon takalmin ga... Ke Ramatu! Da kin tambaye ni ai da na taka miki ƙwarya guda."

"Ba a tambaya."

"To ga shi kin samu hiye da abin da kinka nema. Ba inda za ni."

Da wasa ya faɗa. Amma yana faɗa idonsa ya kai kan akwatin ƙarfen da uwarsa ta saya masa na tafiya, wanda aka kawo aka ajiye a kusurwa, ya ɗauke kai da sauri. Ta ga wannan. Tun suna yara ta san fuskarsa in an ƙwace masa abu yana cewa dama bai so.

Ranar kasuwar Aliero da hantsi, zaure ya cika da 'yan dubiya, sai ga baƙo ya yi sallama. Wani siririn saurayi ne, ya sha tafiya, ƙullin ƙwai a hannunsa. Kalilu ne, tun daga Maiyama ya zo duba abokin karatunsa. Bai gama durƙusawa ba Gwaggo Adama ta miƙe.

"Ka zo ka ga ko aikin ya ci? Ya ci! Koma ka hwaɗa wa uwarka malamin nata ya iya!"

"Inna, don Allah," in ji Muntari.

"Rufe mini baki! Ɗauki ƙwanka, ko mi kunka sa a ciki ku ci abinku. Ka tahi Hartum ɗin, Allah shi na gani!"

Kalilu ya tsaya da ƙwai a hannu. Idonsa ya cika da ruwa. Maza suka fara gunaguni, wani ya ce dama shi ma ya yi wannan tunani.

Ramatu na bayan asabari da ƙwaryar kunu. Ta ajiye ta a ƙasa. Budurwa ba ta shiga zauren maza ranar kasuwa. Ta ɗaga asabarin ta shiga. Ta zube a gaban ubanta, kanta a ƙasa.

"Baba, ba doki ba ne."

Kowa a zaure ya juyo ya dube ta.

"Ramatu, koma ciki," in ji Muntari.

"Ni nik kai shi lambu. Ni nis sa shi yat tuɓe takalmi. Ramin tsohuwar rijiya yaz zurma, na san da ramin ban hwaɗa mishi ba. Ni niw wanke mishi laka. Baƙon ga bai san komi ba."

"Ku biyu?" in ji wani tsoho daga gefe. "A fadama?"

"Don mi za shi tuɓe takalmi?" Muryar Gwaggo Adama ce, a hankali, wadda ta fi ihun ban tsoro.

Da Ramatu ta so, da ta ce wasa ne. Amma ta riga ta gaji da ɗaukar kaya.

"Sawu nai niɗ ɗiba."

Salati ya tashi ko ta ina. Wani mai karyayyen hannu ya janye ƙafafunsa ya cusa a ƙarƙashin riga. Gwaggo Adama ta dafe ƙirji.

"Sammu! A gidan ɗan'uwana! Ɗiyar da nike cewa tawa!"

Daga cikin gida sai ga muryar Gudiya, tana dogara sanda tana tahowa. "Sammun uwar wa? Ni nik koya mata! Da shi nir riƙe ubanku, ke Adama, in ba don shi ba da ba a haihe ki ba!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka ƙara salati. Maiwada kaɗai bai motsa ba. Bai dubi ƙanwarsa ba, bai dubi uwarsa ba. Ya daɗe yana kallon ɗiyarsa, sannan ya ce, "Ƙahwar ta maƙale?"

"Ta maƙale, Baba."

"Wane gehe yaj juya?"

"Hagu... a'a, yana tahiya da baya, sai..."

"Tashi ki gwada mini."

Jama'a, kun taɓa jin irin wannan? Budurwar da aka kai goronta, a tsakiyar zaure, gaban dattawan gari da baƙi, ta tashi ta yi tafiya da baya, ta kafe ƙafa ɗaya, ta murɗa jiki, ta faɗi a kan tabarma. Ya ce ta sake. Ta sake. Kallabinta ya zame ya faɗi, ba ta iya ɗauka ba. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon.

Maiwada ya naɗe hannun riga. Ya ce ƙarfafa su matso su danne kafaɗu da ƙugu. Kalilu ya ajiye ƙwansa ya zo ya riƙe kan abokinsa a cinyarsa. Ramatu ta juya za ta gudu ciki.

"Ina za ki? Ɗauki man shanun ga ki riƙe. Ki tsaya ki ji."

Ta tsaya. Ta ji lokacin da ubanta ya ɓalle abin da ya fara kamawa. Ta ji ihun Muntari, wanda aka ce har masu awon albasa a kasuwa sun ji. Ta ga ubanta ya ja, ya murɗa ƙafar ta koma inda ta fito, a hankali, gumi na ɗiga daga gemunsa. Da aka gama ɗaurewa, yatsun nan biyar suna kallon rufin zaure.

Kafin la'asar labari ya gama gari, kafin Juma'a ya kai Jega. In Ramatu ta fita ɗibar ruwa, samari su riƙa share sawunsu da reshe suna cewa a yi hattara. 'Yan mata suka sa ta waƙa, kamar yadda Muntari ya faɗa. Ta daina zuwa dandali, ta cire tsakiyarta ta sa a ƙwarya. Ubanta bai dake ta ba, bai zage ta ba, da ya yi ma da ta fi jin sauƙi. Gaisuwa kawai yake amsawa. Sai ran da aka kawo wata mata da ta faɗo daga rumbu, ya leƙo ya ce, "Ke, zo ki riƙe mini. Kin iya kallon yadda mutum ka hwaɗuwa."

Gwaggo Adama kuwa ta aiko a mayar mata da goronta. Ta tsaya a kan ɗanta ta kama nononta ta ce in ya auri Ramatu, ko tana raye ko ta mutu, ba ta yafe wanda ya sha ba. Kun san abin da wannan ke nufi a wurinmu. Ba a tsallake shi.

Ana gab da ganin wata Muntari ya taka, da sanda, amma ƙafa a miƙe. Aka kai shi Birnin Kebbi, likita ya lallatsa, ya sa shi ya je ya dawo, ya ce kafin su kai Kano zai yar da sandar. Safiyar da zai wuce Jega ya hau mota, ya shigo yi wa kaka sallama. Ramatu na ƙuryar ɗaki, ta juya wa ƙofa baya.

"Mai warin albasa," ya ce. Muryar ba ta wasa ba ce. "Da kin yi shiru da yanzu ana shirin biki."

"Na sani."

"Zan yi ta ba Inna haƙuri. Ko daga can."

"Kada ka yi. Ka ji abin da tac ce." Ba ta juyo ba. "Tahi, bawan Nasara. Ka yi karatun da kyau, kada a ce don banza anka karya ka sau biyu."

Ya tsaya kaɗan. Ta ji ƙarar sandarsa tana nisa.

Muntari ya kai Hartum, ya yi karatunsa, ya dawo ya koyar a Birnin Kebbi har ya yi furfura, ya auri wata 'yar Kimba da uwarsa ta zaɓa. Kalilu ya sami tasa tafiyar da aka sake tura ɗalibi, kuma har ya mutu bai taɓa cin abinci a gidan Adama ba. Gudiya ta rasu tana cewa ita ba ta ga laifin da ta yi ba. Maiwada da ƙanwarsa sun shirya a wurin jana'izarta. Ramatu ta daɗe ba mai nema, daga baya ta auri Sambo mai lambu, mutum mai haƙuri, ta haifa masa 'ya'ya, ta zama ita ake kai wa matan da suka karye tun daga Maiyama har Jega. Bayan ta tsufa, in Malam Muntari ya ratso kasuwar Aliero, takan tsaya daga nesa ta dubi tafiyarsa, ta ga ba ya ɗingishi, ta ci gaba da cefanenta.